Yaron kirki a birnin da ya rikice: Yadda Compton ta haifi kundin Kendrick Lamar

A ranar 22 ga Oktoban 2012 ne mawaƙin gambara na Amurka Kendrick Lamar ya fitar da kundinsa mai suna good kid, m.A.A.d city. A makon farko an sayar da kwafi kusan 242,000, ya kuma hau mataki na biyu a jadawalin Billboard. Sai dai abin da ya sa har yau ake tattauna kundin shi ne abin da ya ɗauko daga unguwar da ta raine shi.

An haifi Kendrick Lamar Duckworth a ranar 17 ga Yunin 1987 a Compton, wani birni da ke kudu da Los Angeles a jihar Kalifoniya. Iyayensa sun baro Chicago ne a 1984, mahaifinsa yana neman nesanta kansa daga rayuwar daba. Amma sun sauka Compton a lokacin da masana'antun yankin ke rufewa, hodar ibilis samfurin crack ta mamaye tituna, ƙungiyoyin 'yan daba na Crips da Piru kuma suna raba unguwanni a tsakaninsu. Iyalin sun rayu da tallafin gwamnati. Yaron bai cika shekara biyar ba lokacin da tarzomar 1992 ta ɓarke, bayan kotu ta wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa Rodney King duka. Shi da bakinsa ya ce yana ɗan shekara biyar ya fara ganin an harbe mutum a ƙofar gidansu. Yana ɗan shekara takwas kuma ya kalli Tupac Shakur da Dr. Dre suna ɗaukar bidiyon California Love a Compton. Dre ɗin nan ne daga baya kamfaninsa na Aftermath ya shiga cikin waɗanda suka fitar da kundin.

Kendrick ya kira aikin gajeren fim, kuma haka aka gina shi. Labari ne na wani matashi ɗan shekara 17 da ya ari motar mahaifiyarsa domin zuwa wajen wata budurwa, Sherane. Daga nan abokai suka ja shi fasa wani gida, aka yi masa dukan kawo wuƙa, ramuwar gayya kuma ta ƙare da mutuwar abokinsu Dave. Tsakanin waƙoƙin ana jin saƙonnin murya na iyayensa na ainihi: uwa tana neman a dawo mata da motarta, uba yana ba da dariya, daga baya kuma su biyun suna yi masa nasiha.

A nan ne tarbiyyarsa ta fi bayyana. Gambarar da Compton ta shahara da ita tun zamanin ƙungiyar N.W.A. tana magana ne da muryar mai riƙe da bindiga. Kendrick bai taɓa zama cikakken ɗan daba ba, ya taso ne a tsakiyarsu da uba da uwa a gida, abin da abokansa da yawa ba su samu ba. Saboda haka ya zaɓi muryar yaron da ke zaune cikin mota tare da abokai, yana tsoro amma yana kunyar a ce masa matsoraci. Waƙar Swimming Pools, wadda matasa suka riƙa rawa da ita a gidajen casu, a haƙiƙa tana bayani ne kan shaye-shayen da ya gani a danginsa. Hatta hoton bangon kundin na iyali ne: Kendrick yana ƙaramin yaro a cinyar kawunsa, kwalbar madarar jariri da kwalbar giya a kan teburi ɗaya, an rufe idanun manyan da baƙin layi.

Akwai masu cewa kundin ya jingina mafita ga tuba da addu'a, musamman wurin da wata dattijuwa ke jagorantar samarin addu'a, maimakon ya tuhumi gwamnatocin da suka yi watsi da Compton. Sukar tana da kama, amma waƙar good kid ta nuna yaron da 'yan daba ke farauta a gefe guda, 'yan sanda kuma suna yi masa kallon mai laifi a ɗaya gefen. Siyasar da ta fito fili a kundinsa na 2015, To Pimp a Butterfly, daga nan ta tsiro.

A bikin Grammy na 2014 an saka sunansa a rukuni bakwai, bai ci ko ɗaya ba. Kyautar kundin gambara ta tafi ga Macklemore da Ryan Lewis. A 2018 kundinsa DAMN. ya ci kyautar Pulitzer ta kiɗa, karon farko da aka bai wa mawaƙin gambara.