Gyaran komodon tsohuwar Peugeot

Yawancin tsofaffin Peugeot 404 da 504 da suka yi jigilar mutane da buhunan hatsi tsakanin Tawa da Barmu ta hanya biyu suka shigo Adar. Wasu Turawa suka ƙetaro Sahara da su a shekarun 1980, ta Arlit da Agadas, suka sayar. Wasu kuma daga Kaduna suka fito, inda masana'antar PAN ta fara haɗa Peugeot a 1975. Injinsu akwai juriya, amma ƙaramin sandan nan da ke jikin wuyan sitiyari, wanda masu gareji ke kira komodo, yakan riga injin gajiya. Da shi direba ke kunna fitilun gaba, da shi yake sauya haske daga na kusa zuwa na nesa.

Ƙura da zafi ke kashe shi. Ƙurar hunturu takan shiga ta gauraya da tsohon giris, ta daskare bisa ƴan bakunan tagulla da wuta ke bi. Zafin kuwa daga ciki yake tasowa. A motocin wancan zamani wutar fitilu takan ratsa ta cikin komodon kanta: ƙwai biyu masu wat 60 a batir mai bolt 12, kusan amfiya 10 ke nan. Direban da duhun daji ya dama sai ya sa ƙwai mai wat 100, tagulla ta ƙone, robar da ke riƙe da ita ta narke.

Mai gyara na ƙwarai ba ya gaggawar kwancewa. Yakan fara duba fis da ƙwai da wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, don sau da yawa laifin can yake. In ya tabbata komodon ne, sai ya cire kan batir, ya kwance marfin wuyan sitiyari, ya yi wa kowace waya alama. Bisa farin ƙyalle ake buɗe shi, saboda akwai ɗan sifirin da ƙwayar ƙarfe ƙanƙane a ciki, in suka yi tsalle suka faɗa rairayi an yi asararsu. A goge tagullar da samfefa mai laushi har ta yi ja, a shafa giris kaɗan, a mayar.

Abin da ke damuna shi ne a tsaya nan. In ba a ƙara rile tsakanin batir da fitilu ba, yadda komodo zai riƙa ba da umarni kawai rile ya ɗauki nauyin wutar, bakunan za su sake ƙonewa, ga shi sabon komodon 504 na asali ya yi wuyar samu yanzu.