Huh Jung-moo: Ɗan gidan da ya tare wa Super Eagles hanya

Har gobe, in hira ta yi daɗi a gidajen kallon ƙwallo na Inkil a Bauchi, sai an tuno daren 22 ga Yuni, 2010 a Durban. Yakubu Aiyegbeni ya sami raga wayam, 'yan taku kaɗan tsakaninsu, ya sa ƙafa ƙwallo ta bi gefe. Aka tashi 2-2, Koriya ta Kudu ta wuce, Najeriya ta tattaro komatsanta. Wanda ba a cika ambata ba shi ne kocin Koriya na ranar, Huh Jung-moo.

An haife shi a 1955 a tsibirin Jindo, kuma tun yana matashi ya yi suna wajen naci a tsakiyar fili. Daga 1980 zuwa 1983 ya taka leda a PSV Eindhoven ta ƙasar Holan, a zamanin da 'yan Asiya a Turai ba su taka kara sun karya ba. A gasar cin kofin duniya ta 1986 a Meziko, shi ya manne wa Diego Maradona har ya kai shi ƙasa da wata tokara da ta zaga jaridun duniya. Ya kuma ci Italiya ƙwallo ɗaya, duk da an doke su 3-2.

Da ya rataye takalmi, sai ya koma horarwa. Ya ɗauki kofin ƙalubale na ƙasarsa sau uku da Chunnam Dragons. A riƙon da ya yi wa tawagar ƙasa daga 1998 zuwa 2000, ya zaƙulo wani ɗalibin jami'a da ba a san shi ba, Park Ji-sung, wanda daga baya ya haskaka a Manchester United.

Bayan shekaru bakwai a hannun Turawa, ciki har da Guus Hiddink, hukumar ƙwallon Koriya ta dawo da Huh a ƙarshen 2007, ta bar shi ya gina tawagarsa. A Afirka ta Kudu ya lallasa Girka 2-0, ya sha kashi 4-1 a hannun Ajantina wadda Maradonan nan dai yake horarwa, sannan ya kai Koriya zagaye na biyu, karon farko a wajen gida.

Najeriya kuwa, Shaibu Amodu ne ya samo mata tikitin gasar, amma saura 'yan watanni aka miƙa ragama ga Lars Lagerbäck ɗan Suwidin. Maki ɗaya tak ya samo a wasa uku.

Mutanen Bauchi sun san abin da ɗan gida kan iya. Abdu Maikaba ya kai ƙungiyarsu Wikki Tourists matsayi na uku a gasar Najeriya ta 2016, har ta shiga gasar Afirka. Don a samu irinsu, tsoffin 'yan wasan da ke horar da yara a filayen unguwa suna buƙatar kwas ɗin koci, da albashi a kan kari, da kwantiragin da ba za a yaga ba don an yi rashin nasara sau biyu a jere.