Kundin waƙoƙin shekara: Abin da lissafin manhajoji ke gani da abin da yake tsallakewa

Da zarar watan Disamba ya kama, masu sha'awar waƙa a Abuja kan shiga muhawarar da ba ta da alƙali: wane kundin waƙoƙi ne ya fi kowanne a shekarar da ke ƙarewa. A da, baki ne kaɗai hujja, a majalisa ko a shagon aski. Yanzu kowa na zuwa da shaidarsa a waya, domin manhajojin sauraron waƙa suna fitar wa mai amfani da su jerin mawaƙan da ya fi saurare, har da adadin mintunan da ya shafe yana saurare.

Wanda ya fi tashe shi ne na Spotify, mai suna Wrapped, wanda ke fitowa tsakanin ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba. Kamfanin ya fara aiki a Najeriya a watan Fabrairun 2021. Kafin zuwansa akwai Boomplay, wadda aka ƙaddamar a 2015 kuma take zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix, sannan akwai Audiomack da Apple Music.

Shekarar 2023 ta nuna yadda wannan muhawara ke zafi. Davido ya fitar da Timeless, Asake ya fitar da Work of Art, sai kuma Odumodublvck, wanda ya tashi kuma ya gina sunansa a Abuja, ya fitar da Eziokwu a watan Oktoba. Ga matasan babban birnin tarayya wannan na ƙarshe abin alfahari ne, ganin cewa Legas ce ta saba mamaye fagen.

Sai dai lissafin manhaja yana da iyaka, kuma waƙar Hausa ce ta fi faɗawa bayan iyakar. A Spotify, ana ƙirga waƙa ne idan an saurare ta na aƙalla daƙiƙa 30 a cikin manhajar. Waƙar da aka ɗora wa mutum a katin ajiya na waya, ko abokinsa ya tura masa ta Xender ko WhatsApp, ko da ya juya ta sau dubu, babu inda za ta bayyana.

Ta wannan hanya ta biyu ce kuwa ɗimbin masu jin Hausa ke samun waƙa. A unguwanni irin su Nyanya, Karmo, Gwagwa, Dei-Dei da Zuba, akwai matasan da sana'arsu ke nan: kwamfuta a kan tebur, lasifika a gefe, suna tura waƙoƙi da finafinai a wayoyi a kan kuɗi kaɗan. Su ne magadan masu sayar da kaset da faifan CD, kasuwancin da Ƙofar Wambai ta Kano ta shahara da shi. Ɗan acaɓa ko mai shayi da ke lissafin kuɗin data ba shi da dalilin biyan kuɗin wata-wata don waƙar da zai iya mallaka sau ɗaya. Saboda haka mawaƙin da muryarsa ta cika tashar mota tun safe har dare yana iya rasa gurbi a jerin shekara, ba don ba a saurare shi ba.

Batun ya wuce na suna, akwai kuɗi a ciki. Spotify ya bayyana cewa mawaƙan Najeriya sun samu sama da naira biliyan 25 daga manhajar a 2023, da sama da naira biliyan 58 a 2024. Ana raba irin wannan kuɗi ne bisa yawan sauraren da aka ƙirga, kuma tun daga 2024 waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin wata 12 ba ba ta samun kaso. Dokar kare haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a Maris na 2023, ta ba mai waƙa damar neman a sauke aikinsa daga shafin intanet da ya ɗora shi ba da izini ba, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, mai hedikwata a Abuja, ce ke kula da aiwatar da ita. Amma sauke waƙa daga shafi abu ne daban, bin sawunta daga waya zuwa waya kuma abu ne daban.

Akwai kuma tambayar ko kundi ne ma ma'aunin da ya dace da waƙar Hausa. Manyan waƙoƙin da suka girgiza Arewa a 'yan shekarun nan, irin su Jarumar Mata ta Hamisu Breaker a 2020 da Warr ta Ado Gwanja a 2022, sun yi tashe ne ɗaya-ɗaya ta gajerun bidiyoyin rawa. Waƙoƙin fim, na biki, na siyasa da na bege kuwa kowacce da lokacinta da dalilinta. Duk da haka akwai masu riƙe da al'adar kundi, kuma Nura M. Inuwa ya yi suna wajen fitar da nasa a farkon shekara.

Lokacin fitarwar ma yana da tasiri a lissafi. Manhajar kan rufe ƙidaya makonni kaɗan kafin ta fitar da sakamako, don haka Morayo na Wizkid, wanda ya fito ranar 22 ga Nuwamban 2024, bai samu isasshen lokacin shiga jerin shekararsa ba. Kundin da ya fito a Janairu kuwa yana da fiye da wata 10 a gabansa, muddin a cikin manhajar aka saurare shi.