Bin sawun kakanni a ƙasar Tasawa da Mayahi

Wanda ke son sanin rayuwar kakan kakansa a Tasawa ko Mayahi ba zai samu takardar haihuwa ba. Abin da tsofaffi za su gaya masa shi ne an haifi wane "zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore", ko ya yi aure "kafin zuwan Nasara". Da irin waɗannan kalamai ake ƙirga shekaru, in dai an san abin da ya faru a ƙasar.

Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807. Sarautarta ta yi hijira arewa, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Tasawa ta tsinci kanta tsakanin Maraɗi da Damagaram, kan hanyar ayarin gishirin Abzinawa. A Janairun 1851 Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka garin, ya rubuta labarin kasuwarsa da marinarsa da yadda ake ƙirga kuɗin wuri. Duk wanda aka ce kakansa marini ne ko bafatake, to ga duniyar da ya rayu a ciki.

Ƙarshen ƙarnin ya fi sauƙin kamawa. Sarki Mijinyawa ya baro Maraɗi saboda rikicinsa da Ƙaura Hasau, ya koma Tasawa. A Yulin 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa tun daga Birnin Ƙonni, ta kashe Kanar Klobb a Dankori, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine kusa da Maijirgi. Kakan da aka goya a baya aka gudu da shi daji a wannan damina, an san shekarar haihuwarsa ke nan.

A Mayahi sai an ƙara haƙuri. Ƙauyuka da yawa na Gulbin Kaba an sare su ne bayan hare-hare sun lafa, don haka a tambayi kufan da aka baro, da wanda ya gina rijiyar farko, a duba zanen fuskar dattawa, a saurari kirarin gida daga bakin maroƙa.

Wani lokaci bincike kan kai mutum ga kakan da aka kamo a yaƙi aka sayar. Gidaje da yawa na rufe wannan, ni kuwa ina ganin ya cancanci a rubuta sunansa da garin da aka ɗauko shi, kamar yadda ake rubuta na sarakuna.