Shayi a haɗin koktel da moktel

Amfani da shayi a haɗin koktel da moktel wata hanya ce ta sarrafa abin sha, inda ake sanya ganyen shayi ko ruwansa a cikin kayan haɗi. Koktel shi ne abin sha da ake gauraya barasa da wasu abubuwa kamar lemun tsami, sukari da ƙanƙara. Moktel kuma irin wannan haɗin ne amma babu barasa a ciki. Abin da shayi ke ƙara wa haɗin shi ne ƙamshi, launi, ɗan ɗaci da kuma bauri, irin wanda mai cin goro ke ji a harshe. Wannan baurin yana fitowa ne daga sinadarin tanin da ke cikin ganyen.

Tarihi

An fara samun shayi a irin wannan haɗi ne a cikin abin shan da ake kira punch, wanda ya yaɗu a ƙarni na 17 ta hannun matuƙan jiragen ruwa na Ingila masu fatauci a Indiya. Wasu masana harshe suna ganin sunan ya samo asali daga kalmar Hindi mai nufin "biyar", saboda kayan haɗinsa biyar ne: barasa, sukari, lemun tsami, ruwa, sai shayi ko kayan ƙamshi. Wasu kuma ba su yarda da wannan asalin ba.

A shekarar 1862, Jerry Thomas ya wallafa littafinsa na haɗa abubuwan sha a Amurka, kuma a cikinsa akwai nau'o'in punch da ake yi da shayi. A farkon shekarun 2000, Audrey Saunders ta birnin New York ta ƙirƙiri Earl Grey MarTEAni, inda ake jiƙa ganyen Earl Grey a cikin barasar jin, a haɗa da lemun tsami, ruwan sukari da farin ƙwai.

A wasu ƙasashe haɗin ya fi wannan sauƙi. A Japan ana gauraya shayin oolong da barasar shochu. A Austriya kuma akwai Jagertee, baƙin shayi mai zafi da barasar rake, wanda ake sha a lokacin sanyi.

Hanyoyin haɗawa

Hanya ta farko ita ce a dafa shayin da ƙarfi fiye da yadda aka saba, a bar shi ya huce, domin ƙanƙara za ta narke ta tsarma shi. Baƙin shayi yana son ruwan da ya tafasa, na minti 3 zuwa 5. Koren shayi kuwa ya fi kyau da ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 80, idan zafin ya wuce haka sai ɗaci ya yi yawa.

Hanya ta biyu ita ce jiƙa ganyen a ruwan sanyi a cikin firiji na awa 8 zuwa 12. Ruwan sanyi ba ya fitar da tanin da yawa, shi ya sa shayin ke fitowa garau kuma ba ɗaci. Ta uku ita ce narkar da sukari a cikin shayi mai ƙarfi, mudu ɗaya da mudu ɗaya, a samu ruwan zaƙi mai kauri. Ta huɗu ita ce jiƙa ganyen a cikin barasar kai tsaye, sannan a tace.

Akwai kuma tsohuwar dabarar tacewa da madara. Idan aka zuba haɗin mai tsami a cikin madara, sai ta tsinke, guntayen su kama tanin. Bayan an tace, abin shan yakan fito garau, baurinsa ya ragu.

Shayi a moktel

Matsalar moktel da yawa ita ce zaƙi, domin idan aka cire barasa sai ya zama ruwan 'ya'yan itace da sukari kawai. Baurin shayi yana karya zaƙin, ya sa a sha a hankali. Ana zaɓar ganye gwargwadon ɗanɗanon da ake so. Lapsang souchong na lardin Fujian a ƙasar Sin ana busar da shi da hayaƙin itace, don haka yana da ƙamshin hayaƙi. Earl Grey yana da ƙamshin lemun bergamot, matcha kuma garin koren shayi ne mai ba da launi.

Sanannen misali shi ne Arnold Palmer, haɗin shayi mai sanyi da ruwan lemun tsami mai sukari, wanda aka sa wa sunan ɗan wasan golf na Amurka. Ana kuma amfani da zoɓo saboda tsaminsa da jan launinsa, duk da cewa ba ganyen shayi ba ne na asali, kuma ba shi da kafeyin.

Ruɗanin suna da lafiya

Sunan abin sha ba ya nuna abin da ke cikinsa. Long Island Iced Tea ba shi da shayi ko kaɗan. Haɗi ne na barasa iri biyar da lemun tsami da kola, launinsa ne kawai ya yi kama da shayi. Idan aka ƙara wa Arnold Palmer barasar bodka, sunansa yakan koma John Daly. Kombucha, wato shayin da aka bari ya yi tsami, yana ɗauke da barasa kaɗan. Haka nan ɗigon ɗaci na Angostura da wasu ke sawa a moktel, kashi 44.7 cikin ɗari nasa barasa ne. Saboda haka masu guje wa barasa don addini, juna biyu ko rashin lafiya sukan tambayi kayan haɗin kafin su sha.

Shayi yana da kafeyin, sinadarin da ke hana barci. Idan ya haɗu da barasa yana iya sa mai sha ya ji kamar bai bugu ba, alhali barasar da ke jininsa ba ta ragu ba. A watan Nuwamban 2010, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin da ke ƙara kafeyin a abin sha mai barasa saboda wannan dalili.