Kewar Tafiyar Ƙasa Da Kilishi A Ingila

Duk wanda ya ke shirin tafiya Ingila, ko don karatu ko don neman abinci, gargaɗin da 'yan'uwa su kan yi masa bai wuce na sanyi da tsadar ɗakin haya da riƙon addini ba. Gargaɗi ne mai kyau, ba mu ce a bari ba. Amma akwai wasu abubuwa biyu ƙanana da ba mai tuna masa da su ran sallama, alhali kuwa su ne kan fara taɓa lafiyarsa tun bai daɗe da sauka ba. Na ɗaya shi ne kai da kawowar da jikinsa ya saba da ita a gida. Na biyu kuwa ɗan abin taɓawar nan da bakinsa ya saba da shi tsakanin kalaci da kalaci.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar mutum biyu ko uku a ke yi. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 ɗaliban Nijeriya da ke jami'o'in Birtaniya sun haura 70,000, da 'yan Arewa a cikinsu, ban da likitoci da ma'aikatan jinya da sauran masu aiki. Tun daga watan Janairu na 2024 kuma hukumar ƙasar ta hana yawancin masu karatun digiri na biyu zuwa da iyalinsu. Saboda haka magidanci da yawa, wanda bai taɓa hura wuta ba, ya kan wayi gari shi kaɗai a ɗaki, shi ne mai cefane, shi ne mai girki.

A gida mutum ba ya sa wa tafiyarsa suna motsa jiki, yi kawai ya ke yi. Ya taka zuwa masallaci da asuba, ya sake takawa sau huɗu kafin ya kwanta. Ya leƙa kasuwa, ya biya ya gai da mara lafiya, in an yi rasuwa a unguwa ya bi gawa har makabarta a ƙasa. Da la'asar samari su cika filin makaranta da ƙwallo, yara na langa a dandali, in kaka ta yi a ƙauye a kafa dambe da kokawa. Mata kuwa tsakanin shara da wanki da daka da zuwa barka, ba su zauna ba. A Kano akwai masu sammakon zagaya filin sukuwa, da masu hawan Dutsen Dala don su ji numfashinsu ya buɗe. Gaskiya ne babur da a-daidaita-sahu sun rage wa mutanen birni tafiya, har za ka ga saurayi ya hau babur don zuwa bakin layinsu. Duk da haka abin da ya saura ba kaɗan ba ne, kuma ba a biyan ko kwabo a kansa.

To, ran da ya sauka Landan sai duk wannan ya yanke lokaci ɗaya. Yawancin ɗalibai a watan Satumba su ke isa, watau sa'ad da rana ke ƙara gajarta. Kafin ƙarshen Disamba sai bayan ƙarfe takwas na safe rana ke fitowa, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma ta faɗi. Yinin duka bai cika awa takwas ba, a Abadin ta ƙasar Sikotlan ma bai cika bakwai ba. Azahar da la'asar da magariba duk su kan shige cikin awa huɗu, mutum kuwa yana aji ko wurin aiki, sai ya shimfiɗa darduma a lungu. Lokacin da a gida a ke fita ƙwallo, a can an kunna fitilun titi, ga yayyafi, ga iska mai ratsa ƙashi. Daga ɗaki sai bas, daga bas sai kujerar ɗakin karatu, daga nan sai gado.

Turawa suna da maganin wannan, watau gidajen motsa jiki inda a ke biya wata wata. Mutum ya shiga ya hau wata na'ura, ya yi ta gudu ba ya zuwa ko'ina, na kusa da shi ya toshe kunne, ba sannu ba ina gajiya. Mutanenmu da dama sun biya kuɗin, sun je sau biyu ko uku, sun bari. Ba mu ga laifinsu ƙwarai ba. Wanda ya saba tafiyarsa tana da dalili, tana da abokin hira, da wuya ya jure gudun da ba inda ya nufa. Mata kuma su kan ƙi saboda cuɗanya da maza, ko da ya ke wasu gidajen suna ware musu sa'o'insu.

Mu komo kan abin taɓawa, don a nan kewar ta fi tsanani. Tuwo da miya ba su gagara ba, kantunan 'yan Afirka suna sayar da garin tuwo da kuka da daddawa. Abin da ya gagara shi ne ƙosai mai zafi da safe, da tsiren magariba a takarda da albasa, da kuli-kuli, da daƙuwa, da aya, da goruba, da fura da nono a tsakar rana. Shugabansu duka kuwa kilishi.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin mahautan Agadasawa a Kano ya san kilishi aikin rana ne. A fere jan nama marar kitse har ya yi faɗi kamar takarda, a shanya ya bushe, a tsoma shi cikin labu, watau kwaɓin tunkuzar gyaɗa da barkono da citta da kanumfari da albasa, a sake shanyawa, sa'an nan a gasa a bakin wuta. Shanya biyu ke nan, a ƙasar da a kan yi mako ba a ga ƙwayar rana ba. Masu ƙoƙari su kan gwada a tanda ta lantarki, su rage wuta su bar ƙofa a ɗan buɗe. Abin ya kan ciwu, amma duk wanda ya ci ya san ba shi ba ne. A kantuna akwai wani busasshen nama irin na Afirka ta Kudu, biltong, wanda a ke jiƙawa da ruwan tsami da kayan ƙanshi. Ba gyaɗa a cikinsa, ya fi kilishi kauri, sa'an nan sai mutum ya duba ko yankan Musulmi ne.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a ƙunsa masa daga gida? Doka ce ta hana. Ba a yarda matafiyi daga Nijeriya ko Nijar ya shiga Birtaniya da nama ko madara ko abin da aka yi da su ba, ɗanye ko busasshe. Kilishi da dambun nama da man shanu da tuwon madara duk sun shiga ciki. In ma'aikatan kwastan suka gani, su karɓe su hallaka, in abin ya yi girma kuma tara a Ingila ta kan kai Fam 5,000. Mutanenmu su kan ɗauki wannan wulaƙanci ne, amma yana da asali. A shekarar 2001 ciwon boru, watau ciwon baki da kofato, ya faɗa wa dabbobin ƙasar, sai da aka kashe sama da miliyan 6 kafin a shawo kansa. Ƙwayar cutar kuwa ta kan rayu cikin nama da madara. A watan Afrilu na 2025 har matafiya daga ƙasashen Tarayyar Turai aka hana su shiga da naman shanu da na tumaki da cuku saboda wannan ciwo. Bafulatanin da ya taɓa ganin boru a garkensa ba zai yi musu da su ba.

Ba duka aka rasa ba. A unguwar Peckham ta kudancin Landan, wadda saboda yawan 'yan Nijeriya har a ke ce mata ƙaramar Ikko, akwai masu gasa tsire, sai dai kuɗin sanda ɗaya in ka juya shi Naira ka fasa ci. Kantunan Indiyawa suna da garin gero, wanda mata masu dabara kan dama fura da shi, su zuba madarar Turawa mai tsami a madadin kindirmo. Aya kuwa tana da labari mai ban mamaki. Mutanen Balensiya ta ƙasar Sifen suna nomanta, suna yin wani abin sha da ita mai suna horchata, wanda in Bahaushe ya kurɓa zai ce kunun aya ne ba a sa dabino ba. Abin da su ke nomawa ba ya isarsu, har daga Nijar a ke kai musu. Ayar da yaro ke saya ta ɗan canji a Maraɗi, ita ce a ke ƙunsawa a leda mai ado a sayar a kantin masu kula da lafiya da tsada.

Amma ba kowa ke zaune kusa da Peckham ba, ba kowa kuma ke da sukunin dama fura. Abin da ke kusa da hannu shi ne biskit da cakulan da soyayyen dankali na leda da lemon gwangwani, masu araha, a kowane lungu, har cikin na'urar da ke bakin aji. Baki kuwa in ya saba motsi ba ya tambayar me aka ba shi. Hukumar lafiya ta ƙasar ta ce kada baligi ya wuce giram 30 na sukarin da aka ƙara cikin ci da sha a yini, alhali gwangwanin Coca-Cola ɗaya yana da wajen giram 35. Ba mu ce kayan gida duka magani ba ne. Alkaki da nakiya zaƙi ne zalla, kilishi kuma gishiri ya yi masa yawa. Bambancin shi ne a gida sai ka taka ka je wurin mai tsire, ka tsaya, in ka sayo kuma hannu biyar ya shiga takardar. A can kai kaɗai za ka cinye ledar, a zaune, ƙarfe ɗaya na dare.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne: wando ya matse, barci ya lalace, zuciya ta yi nauyi ba dalili. Likitocin can suna cewa haɗarin ciwon sukari ga baƙar fata ya kan fara tun daga shekara 25, ga Turawa kuwa daga 40. Akwai kuma sinadarin bitamin D, mai ƙarfafa ƙashi, wanda fata ke yi in rana ta taɓa ta. Daga Oktoba zuwa Maris ranar Ingila ba ta da ƙarfin haka, don haka aka shawarci kowa ya sha maikirogiram 10 kullum a watannin nan, baƙar fata kuma ya duba yiwuwar sha duk shekara. Ɗan Sakkwato da ya girma yana gudun rana, ga shi yana sayenta a kwalba.

Waɗanda suka fi samun sauƙi su ne waɗanda suka sake nemo wa tafiya dalili da abokai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsi matsakaici a mako, watau tafiyar sauri ta rabin awa kwana biyar. Wani ya sauka daga bas tun saura tasha biyu. Wani ya mai da masallaci mai nisan mil ɗaya wurin sallar isha'insa. Ɗalibai su kan haɗa kuɗi su kama filin ƙwallo mai fitila na awa ɗaya, biyar da biyar. Akwai kuma taron gudu mai suna parkrun, wanda mutum 13 suka fara a lambun Bushy na Landan a shekarar 2004, ya bazu cikin ƙasar har ya ƙetare teku. Kowace Asabar ƙarfe tara na safe a Ingila a kan taru a yi kilomita 5, kyauta, da mai gudu da mai tafiya da mai tura keken jariri, ba a korar na baya.

Saura 'yan'uwa masu haɗa guzuri. Kilishin nan da a ke naɗewa cikin zane a cusa ƙasan akwati, asarar kuɗi ce, da jawo wa ɗanku tsayuwa a gaban kwastan. Dokar ta bar dabino da gyaɗar da aka ɓare aka sarrafa da busasshen kifi gwargwado, amma ya kamata matafiyi ya duba jerin da gwamnatin ƙasar ke bugawa a intanet kafin ya ɗaure kaya, don a kan sauya shi. A sa masa kuli-kuli, da yajin tsire mai yawa, tun da naman halal ba ya wuya a manyan garuruwan can, da takalmin tafiya wanda ruwa ba ya ratsawa.