Titin Da Kaka Ba Ta Iya Tsallakawa

Mu da muka taso a Kano mun saba ganin tsohuwa tsaye a bakin titi, tana jiran yaron da zai riƙe hannunta ya tsallakar da ita. Ga gadar masu tafiya a ƙasa nan kusa, amma matakalarta ta fi ƙarfin gwiwar 'yar shekara 70.

A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan biranen da suka dace da tsofaffi, bayan an saurari dattawa a birane 33. Cikin abubuwan da suka nema akwai wurin zama a huta, hanyar ƙafa marar ramuka, banɗaki, da gida kusa da asibiti da kasuwa.

Tsofaffin unguwanninmu sun riga sun san wannan sirri: masallaci, mai shago da dakalin hira duk a ƙofar gida suke. Amma a yawancin sababbin unguwannin bayan gari, an yanka filaye an ja katanga, ko kemis za ka sai ka hau adaidaita sahu. Dattijon da ba shi da kuɗin mota sai ya wuni a ɗaka shi kaɗai.

Ɗalibai, ga aiki a wannan makon: mu raka kakanninmu unguwa da ƙafa, mu ƙirga buɗaɗɗun kwatoci da wuraren da suka tsaya suna haki, mu rubuta mu kai wa mai unguwa. In da rai, wata rana mu ne za mu dogara sandar.